Sandunan hawan dutse: da gaske suna rage wa gwiwa nauyi a gangara?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hawan dutse. Muna shirin zuwa Chappal Waddi a Taraba idan rani ya kama sosai, kafin nan kuma muna atisaye a duwatsun Shere a nan Jos. Matsalata gwiwa ce. Hawa ba ya damuna, amma da zarar an juyo gangara sai gaban gwiwar dama ya ɗauki zafi, daidai wajen ƙoƙo, washegari kuma sauka daga bene ya zama aiki. Ba ta kumbura, ba ta maƙalewa. Shekaruna 52, tsawona santimita 172, nauyina kilo 88, jakar goyon da zan ɗauka kuma za ta kai kilo 12. An ce in sayi sandunan nan guda biyu da masu hawan dutse ke dogarawa. Da gaske suna aiki, ko kwalliya ce kawai? In suna aiki, wane tsawo zan sa, wane iri zan saya, kuma yaya ake riƙe su? Allah ya saka da alheri.

Jagoran Tudu:

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Suna aiki, amma a gangara ne amfaninsu yake, kuma sai an daidaita abu uku: tsawo, maɗaurin hannu, da lokacin da ake dasa sanda a ƙasa. Mafi yawan masu cewa sun gwada ba su ga komai ba, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya kuɓuce musu.

Tsawo tukuna. Ka sa takalmin da za ka yi tafiyar da shi, ka tsaya a daidaitacciyar ƙasa, ka riƙe sanda tsininta na kusa da ƙafarka. Gwiwar hannunka ta lanƙwashe digiri 90, wato damtse a tsaye, sangalin hannu a kwance. Da lissafi kuwa, a ninka tsawon mutum da 0.68. Naka 172 zai ba da kusan santimita 117. Wannan na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. In hawa ne mai tsawo ka rage santimita 5 zuwa 10, ya koma 107 zuwa 112, don kada kafaɗa ta riƙa ɗagawa sama a kowane taku. In gangara ce ka ƙara 5 zuwa 10, ya zama 122 zuwa 127. Gajeriyar sanda a gangara tana tilasta wa mutum sunkuyawa kafin tsini ya taɓa ƙasa, kafin nan kuwa ƙafa ta riga ta dira, gwiwa ta riga ta sha nauyin. In kana ratsa gefen tudu, tudu a dama kwari a hagu, ta ɓangaren tudu ta fi gajarta. Ba sai ka tsaya kwance makullin da ke riƙe tsawon sanda ba in ratsin gajere ne: ka sauko da hannu ƙasa da mariƙi, shi ya sa wasu sanduna suke da soso har ƙasa da mariƙin.

Sanda mai gaɓa uku tana da lambobi a gaɓa ta biyu da ta uku. Ka ja su biyun daidai da juna, kada ka zare siririyar ta ƙasa gaba ɗaya ka bar ta tsakiya a ciki, don siririyar ita ce mai rauni. Akwai layin da aka rubuta STOP. Wanda ya wuce shi ya bar ɗan guntu ne kawai a cikin bututun, nan take karyewa.

Maɗauri shi ne inda kusan kowa ke kuskure. Ba daga sama ake zura hannu ba. Ka shigo da hannunka daga ƙasan madaukin, ya fito sama, sannan ka sauke tafin a kan maɗaurin da mariƙin tare. Maɗaurin zai bi ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya zagaye bayan wuyan hannu. Ka matse shi daidai yadda in ka buɗe yatsunka ka danna ƙasa, nauyin zai zauna a kan maɗaurin, sandar ba za ta faɗi ba. Haka nauyi ke bi ta wuyan hannu zuwa damtse da kafaɗa, yatsu kuma aikinsu juya sanda kawai. Mai damƙe mariƙi da ƙarfi awa ɗaya ta ishe shi sangalin hannu ya gaji, daga nan sai ya koma jan sandunan a ƙasa, amfani ya ƙare. Wasu maɗauran akwai na dama da na hagu, a duba harafin da ke jiki.

Sai tafiyar kanta. A daidaitacciyar hanya, ƙafar dama da sandar hagu suke fita tare, kamar yadda hannu ke lilo da kansa. Tsini yana sauka gefen ƙafa ko ɗan baya, sandar a karkace tana tura ka gaba. A hawa, kada ka jefa sanda can gaba kana jan jikinka da ita. Dasa ta kusa da jiki, ka tura ƙasa da baya.

A gangara ne lissafin ya juya, kuma nan ne naka yake. Sanda ce ke fara sauka, ƙafa ta biyo baya. Ka dasa tsini gaba da kai kamar tsawon taku ɗaya, ka danna har ka ji nauyi a damtse, sannan ka sauke ƙafa. In ƙafa da sanda suka sauka tare, ko ƙafa ta riga, ƙarar ƙarfe kawai kake yi a kan dutse. Taku ya zama gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada ka dira a kan miƙaƙƙiyar ƙafa. Kada ka kwanta baya don tsoron gangara, nan ne dunduniya ke zamewa a kan tsakuwa. Ƙirji ya kasance saman gwiwoyi. Inda gangarar ta yi tsanani kuma akwai fili, ka riƙa sauka a karkace, dama da hagu, maimakon ka miƙe ƙasa kai tsaye.

Idan ka zo matakin dutse mai zurfi, irin wanda ya kai rabin ƙwauri ko fiye, ka dasa sandunan biyu a ƙasan matakin, faɗinsu ya ɗan wuce kafaɗa, ka ɗora tafin hannu a saman kan mariƙi, ka jingina, sannan ka sauko da ƙafa mai ciwon tukuna, mai lafiyar ta biyo. Dalili shi ne ƙafar da ta rage a sama ita ke lanƙwashewa tana riƙe nauyin jiki. A hawa kuma mai lafiyar ce ke fara hawa.

Gwaji ɗaya a gida zai nuna maka ko kana dannawa da gaske. Hau sikelin awon nauyi, sandunan a ƙasa gefe da gefe, ka danna yadda za ka iya jurewa tsawon yini, ka ga kilo nawa suka ragu. Abin da ya ragu ɗin, shi ne abin da hannu ya karɓa daga ƙafa.

Maman Sadik (likitar fisiyo):

Baban Ummi, sannu da jiki. Malam Jagora ya gama da yadda ake riƙo, ni bari in taɓa gwiwar, don kada a ɗora wa sanda abin da ba aikinta ba.

Abin da ya sa gangara ta fi hawa cin gwiwa shi ne, a gangara tsokar gaban cinya tana aikin burki. Tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kamar tirela mai kaya tana saukowa Hawan Kibo a kan burki. Wannan irin aikin ne ke kawo tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa biyu bayan tafiya. Kuma jijiyar wannan tsokar ta bi ta kan ƙoƙon gwiwa ne, don haka duk ƙarfin da ta ja, ƙoƙon yana matsuwa a kan ƙashin cinya. Gwargwadon lanƙwashewar gwiwa, gwargwadon matsin. Yadda ka siffanta naka, zafi a gaba wajen ƙoƙo, a gangara da saukar bene, babu kumburi, ya fi kama da wannan matsin na ƙoƙo. Amma daga nesa ba a yanke hukunci, sai an taɓa an gani.

Awon da aka yi da gwiwoyin roba da aka dasa wa mutane, masu na'urar awo a ciki, ya nuna a tafiya kawai gwiwa na ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin mutum, a saukar matakala kuma kusan ninki uku da rabi. Kai da jakarka kilo 100 ne, ka ga kusan 350 ke nan a kowane taku na sauka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya, aka wallafa a 1999, ya gwada masu saukowa gangara mai digiri 25 da sanduna da kuma babu. An samu ragin kashi 12 zuwa 25 cikin ɗari a ƙarfin da ke sauka kan gwiwa. Idan aka yi lissafi a sauƙaƙe da naka, kusan kilo 42 zuwa 88 ne a kowane taku. A taku ɗaya ba wani abu ba ne, amma saukowa daga dutse mai tsayin mita 2,419 irin Chappal Waddi taku dubbai ne. Akwai kuma na Jami'ar Northumbria a Ingila, na 2011, inda mutum 37 suka hau dutsen Snowdon da ke Wales suka sauko, wasu da sanduna wasu babu. Masu sanduna sun fi ƙarancin tsamin tsoka a kwana biyun da suka biyo baya, ƙarfin cinyarsu kuma bai ragu kamar na sauran ba.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuwa labarin ya bambanta. Gwaje-gwaje da dama ba su ga wani ragin kirki a gwiwa ba. Saboda haka mai amosanin gaɓɓai da ke tafiya a kwalta kada ya ɗauka sanduna biyu sun cire masa nauyi. Abin da suke ba shi a nan daidaito ne da ƙwarin gwiwar fita tafiyar, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Sannan a sani nauyin bai ɓace ba, ƙaura ya yi zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu da kafaɗa. Mai tsohon ciwon kafaɗa ya fara a hankali. Bugun zuciya ma yakan ɗan ƙaru, tunda hannaye sun shiga aiki, ko da mutum yana jin tafiyar ta fi sauƙi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya lura da wannan.

A ganina abin da zai fi sanda yi maka aiki shi ne ƙarfafa cinya da ƙugu, kuma kana da lokaci. Mako shida zuwa takwas, sau uku a mako. Na farko, saukowa daga mataki: tsaya a kan bulo ko matakala mai tsayin santimita 10 zuwa 15 da ƙafar dama, ka sauko da ta hagu a hankali, kana ƙirga uku, dunduniya ta taɓa ƙasa kawai ka koma sama. Sau 10, zagaye uku, kowace ƙafa. Ka yi a gaban madubi: ƙoƙon gwiwa ya kasance saitin yatsan ƙafa na biyu, kada gwiwa ta faɗa ciki, kada ƙugu ya karkace. Idan ya yi sauƙi ka ƙara tsayi zuwa 20, daga baya ka goya jaka. Na biyu, jingina da bango kamar kana zaune a kujera amma ba ka kai ƙasa sosai ba, daƙiƙa 20 har a kai 45, sau huɗu. Na uku, ka kwanta a gefe ka ɗaga ƙafar sama a miƙe tana ɗan karkata baya, sau 15. Wannan na ukun mutane na raina shi, alhali raunin tsokar gefen ƙugu shi ke barin gwiwa ta faɗa ciki a gangara. Ƙa'idar zafi: in ka auna shi bisa goma, kada ya wuce uku lokacin motsa jikin, kuma ya lafa kafin washegari. In ya wuce haka a rage tsayi ko yawa, ba a daina ba.

Kilo 12 bai wuce ƙa'ida ba ga mai kilo 88, don abin da ake cewa shi ne kada jakar kwana ta wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin mutum. Amma ga mai ciwon gwiwa, duk kilon da aka cire riba ce, daga jaka ko daga jiki. An auna cewa kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. In akwai masu ɗaukar kaya a tafiyar, ranar saukowa ce ranar da ya kamata ka ba su naka.

Abubuwan da in sun bayyana a bar maganar sanda a tafi asibiti: gwiwa ta kumbura cikin 'yan awanni bayan murɗewa, ta maƙale ta ƙi miƙewa, ta riƙa sakinka kamar za ka faɗi, ta yi zafi da ja tare da zazzaɓi, ko ka kasa taka ta. Sai maganin kashe zafi irin ibuprofen da diclofenac: kada a sha su don a danne ciwo a ci gaba da tafiya ga ƙishirwa ga gumi, suna wahalar da ƙoda a wannan halin, mai gyambon ciki kuma ya nisance su.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Malam Jagora da Hajiya Likita. Na fara na bulon tun jiya. Saura maganar saye. Na ga wasu a intanet farashinsu ya ninka na wasu sau biyar, ga kuma na gwanjo. Sannan in tambaya, makiyayi yana yini a tudu da sanda ɗaya ta itace, me zai hana ni ma in yi haka?

Mai Gyaran Kaya:

Yallaɓai, tsada ba ita ce ma'auni ba. Makulli ne ma'auni, don sandar da ta zame ta shige cikin kanta lokacin da ka jingina a gangara ta fi rashin sanda haɗari.

Makulli iri biyu ne aka fi samu. Akwai na murɗawa, wanda a ciki akwai wata 'yar roba mai buɗewa ta kama bututu in an juya. Akwai na waje mai ɗan hannu da ake kifawa ya matse. A yankinmu na waje za ka saya, ba tare da dogon tunani ba. Ƙurar hunturu tana shiga na murɗawa, ko dai ya ƙi kamawa ko ya kama ya ƙi sakewa, kuma ba ka ganin abin da ke faruwa a ciki. Na waje yana da sukuru a gefe: buɗe hannun, juya sukurun rubu'in zagaye, kifa, gwada. Daidai shi ne in kifawar tana buƙatar ɗan ƙarfin babban yatsa amma ba ta kai ga dannawa da tafi ba. Gwajin kuwa ɗaya ne: kowace safiya kafin a tashi, ka dasa sanda ɗaya ka jingina mata da duk nauyin da za ka iya. In ta motsa ko da rabin santimita, ƙara rubu'in zagaye. Sanyin safiyar tudu yakan sa makullin da ya kama jiya da rana ya saki yau.

In na murɗawa ya riga ya zo hannunka kuma yana juyawa ba ya kamawa, zare gaɓar gaba ɗaya, ka goge robar da cikin bututun da busasshen tsumma, ka juya robar da yatsa har ta buɗe ta kusa cika bakin bututun, sannan ka mayar ka murɗa. Kada mai ko giris ya kusanci wurin nan, ko na waje ko na ciki. Da gogayya makulli ke riƙewa, mai kuwa yana kashe ta.

Jikin sanda ko alminiyam ne ko kabon, wato wani abu mai tauri mara nauyi da ba ƙarfe ba. Ka nemi alminiyam mai lamba 7075, an fi rubuta ta a jiki. Guda ɗaya yakan kai giram 230 zuwa 300. Kabon ya fi sauƙi, amma bambancin hali ne ya fi muhimmanci: alminiyam in ya sha wuya lanƙwashewa yake, sau da yawa a miƙe shi a hankali a ƙarasa tafiya, kabon tsagewa yake lokaci ɗaya, musamman in ya taɓa buguwa a gefen dutse. Ga mai kilo 100 haɗe da kaya, cikin duwatsu, nesa da kanti, alminiyam ne. Masu naɗewa gida uku da igiya a ciki suna komawa santimita 35 zuwa 40 su shige jaka, amma wasunsu tsawonsu ɗaya ne ba a canzawa, kai kuwa canza tsawo shi ne maganinka. Masu shigewa cikin juna suna komawa 60 zuwa 65. Ka tabbatar iyakar tsawon ya kai 130 ko 135.

Mariƙi: roba zalla tana santsi da gumi tana kuma kawo bororo a tafi, an yi ta ne don ƙasashen ƙanƙara. Soso mai tauri ya isa. Wanda aka yi da ɓawon itacen nan mai taushi da ake toshe kwalba da shi ya fi daɗi a zafi, in kuɗin bai dame ka ba. Masu sifirin a ciki don rage girgiza, ni ba na ba mai ciwon gwiwa shawararsu. Wuyan hannu suke taimakawa. A gangara in ka danna sai sandar ta nutse tukuna kafin ta riƙe, ga ƙarin nauyi ga ƙarin abin lalacewa. In ka samu irinta, akasari ana iya kulle sifirin.

Tsini ƙarfen tangistin ne, yana cizon ƙasa, tsakuwa da dutse mai kaushi. Hular roba da ke zuwa da shi ta kwalta ce da siminti da busasshen falalen dutse mai sulɓi. A ciyawa ko laka cire ta, zamewa take, kuma laka na tsotse ta ta ɓace. Ka sayi huluna na ajiya, masu 'yar wasar ƙarfe a ciki sun fi daɗewa kafin tsini ya huda su. Ɗan faifan da ke sama da tsini ka bar ƙaramin a jiki, shi ke hana sanda nutsewa a taɓo ko zurmawa cikin tsaga. Babban na ƙanƙara ne, a ciyawa sarƙewa kawai yake. Tsini in ya cinye ana canza shi: tsoma ƙasan sandar a tafasasshen ruwa 'yan mintuna, ka zura sifana mai daidaitawa a jikin sandar sama da robar tsinin, ka buga ƙasa, zai fita. Sabon a tura a doka a ƙasa mai tauri.

Gwanjo ba laifi in ka duba. Zare kowace gaɓa, mirgina ta a kan tebur, lanƙwasa za ta nuna kanta. Duba bakin bututu ko ya tsage, duba farin gari a ciki, alamar an ajiye ta da danshi. Kabon na gwanjo kuwa a bar shi, tsagarsa ba ta cika nunawa a ido ba. Manyan sunaye irin Leki, Black Diamond da Komperdell amfaninsu shi ne ana samun kayan gyaransu, sai dai a yi hattara da jabu masu ɗauke da sunan. Bayan ruwa ko tsallake rafi, a rarraba gaɓoɓin su bushe kafin a ajiye, makullai a buɗe.

Ɗan Mambila:

Baba, maganar sandar makiyayi tana da tushe, kada a raina ta. Sanda ɗaya ta fi babu nesa ba kusa ba. In ita za ka yi, gora busasshiya ko itace mai ƙwari wadda ta kai hammata ko kafaɗa, don hannu ya riƙa hawa da sauka a jikinta gwargwadon gangara. A sa mata robar ƙasan sandar guragu. Kuma a hannun hagu za ka riƙe ta, tunda dama ce mai ciwon, ta riƙa fita tare da ƙafar dama. Riƙe ta a ɓangaren ciwo yana sa mutum karkata kan gwiwar da yake son hutarwa. Amma makiyayi ba ya goye da kilo 12, ya kuma taso a kan tudun tun yana yaro. Da jaka a baya da dogon gangare, biyu sun fi, don kowace ƙafa tana samun mai taya ta.

Inda zan ɗan saɓa da Malam Jagora shi ne maɗauri. Duk abin da ya faɗa daidai ne a hanya mai kyau. Amma a gangara mai tsanani, cikin manyan duwatsu, ko a ruwa, cire hannu daga maɗaurin gaba ɗaya. In ka zame hannu na ɗaure, sandar ba ta rabuwa da kai: ko ta murɗe babban yatsa, ko ta fizgi kafaɗa, ko ta hana ka dafa ƙasa. A Shere akwai wuraren da hannu biyu ake buƙata a kan dutse. Nan a naɗe sanduna a ɗaure a jaka, tsini ƙasa, kada a riƙa lilo da su a wuyan hannu.

Tsini in ya shige tsagar dutse kana cikin tafiya, kada ka ci gaba ka fizga, gaɓar ƙasa ce za ta tafi. Tsaya, koma baya rabin taku, zare shi ta hanyar da ya shiga. A jiƙaƙƙen falalen dutse mai gansakuka, ƙarfe da roba duk zamewa suke, kada ka ba sanda amanar nauyinka a nan. A tudun ciyawa irin na wajenmu, raɓar safe ta fi komai santsi, kuma ciyawa na ɓoye ramuka, sai ka ji tsini ya samu ƙasa mai ƙarfi kafin ka jingina.

Tsallake rafi: ƙara tsawo kamar na gangara, kwance bel ɗin ƙugu na jaka, fuskanci inda ruwa ke fitowa, ka riƙa matsawa gefe, abu ɗaya kawai ke motsi a lokaci guda, ko ƙafa ko sanda. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa a nemi wata mashiga. In hadari ya taso da tsawa kana kan tudu, sauka ƙasa, ka ajiye sandunan nesa da inda ka fake. A bar tazarar mita biyu tsakaninka da na gaba, don tsinin da ya zame baya saitin fuskar na baya yake.

Jagoran Tudu:

Gyaran Ɗan Mambila daidai ne, a cire maɗauri a waɗannan wuraren. Baban Ummi, kada ranar tafiya ta zama ranar farko da za ka riƙe su. Ka fita da su sau uku ko huɗu a Shere da jakar da nauyinta na gaskiya, ka samu lambar hawa da ta gangara da suka dace da kai, ka yi musu alama da fenti ko salatif a jikin sandar don kada ka tsaya neman lamba da sanyin safiya. Ka sa ƙaramin sukundireba ko tsabar kuɗin da ta shiga sukurun makullin a aljihun jaka, da salatif mai ƙarfi kamar mita ɗaya naɗe a ƙasan mariƙi, yana ɗaure gaɓar da makullinta ya mutu har a iso gari. In wani ɓangaren tafiyar ta jirgi ce, sandunan su shiga babbar jakar da ake aunawa, huluna a kan tsini don kada su huda ta. A jakar hannu jami'an tsaro kan hana.